An Ambaci Kwatarmu a Majalisa

Agege, daren Talata, daminar 2001

Yau an ambaci layinmu a rediyo. Ina kwance da littafina na soyayya, daidai inda masoyan za su shirya, sai na ji ɗan majalisarmu yana tambaya a majalisar jiha: me ya sa har yau ba a yashe kwatar da ke cika mana ɗakuna da ruwa ba? Mu matan layi muka kai masa kuka wancan makon. Ni na yi bayani, 'yata Ummi goye a bayana da zazzaɓin sauro.

Baban Ummi ya rage muryar rediyon. "Hadiza, kin jawo mana. Wa ke yi wa gwamnati tambaya? Gobe a kama shi, a biyo ta kanmu."

Na ce, "Maigida, ai soja sun tafi. Ranar ɗaurin aurenmu kana ina?"

"Ina Apapa, a layin tankar ɗaukar mai."

"Wa ya buɗe baki ya nemo maka aurena?"

"Kawu Sule, wakilina."

"To, shi ma wannan wakili ne. Zauren majalisa ba zai ɗauke mu duka ba, shi ya sa muka tura shi da ƙuri'armu. In ya yi shiru, wa ya wakilta?"

Ya yi dariya har da tari, sannan ya ƙara muryar da kansa. Muka ji an kira kwamishina ya zo ya ba da amsa.

Bayan magariba na jiyo shi a ƙofar gida yana gaya wa maza, "Ai matata ce ta kai maganar."