Tsiren da Baba Ya Ci a Makka

Wurno, Laraba

Yaya Mahbuba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da Malam Shafi'u da yara. Ya Goronyo, ya ruwa?

Ba zan ɓoye miki ba, tun da Baba ya dawo Hajji bai koma cin abinci ba. Zazzaɓin da ya dawo da shi ya tafi, amma tuwo loma biyu, fura kurɓi ɗaya. Likita ya ce in bai fara ci ba zuwa Litinin, sai a kwantar da shi a Sakkwato. Kin san Baba da gadon asibiti.

Amma Yaya, na samo hanya! Jiya yana ba ni labarin masaukinsu a Makka, sai ya ambaci wani dattijo ɗan Indunusiya da ya ba shi tsiren kaza. Wai ba yaji ake barbaɗa masa ba, a miyar gyaɗa ake tsoma shi, mai zaƙi-zaƙi da tsami-tsami. Wallahi yana faɗa yana haɗiyar yawu. Na duba a waya na gan shi, kuma kusan komai muna da shi a gida. Mazarƙwaila kaɗai na rasa, ki aiko min ta hannun direban nan.

Ƙanwarki,
Sa'adiya

Wurno, Asabar

Yaya,

Gaisuwa da fatan kun tashi lafiya. Saƙo ya iso, na gode.

Jiya na sha kuka. Na soya gyaɗa, na kai aka niƙa, na ajiye ƙullin a madafa na tafi gyaran kaza. Ina dawowa sai ga Gwaggo Adama da kwalba cike da mai tana murmushi. Matar da ta shekara arba'in tana ƙuli-ƙuli, ina za ta ga ƙullin gyaɗa da mansa ta wuce? Ta matse shi tas, har da yi min faɗa wai 'yan matan yanzu ba mu san tattali ba. Alhali man nan shi ne miyar! Da abin da ya rage na dafa, ta fito kamar laka. Baba ya shinshina ya ture kwanon.

Saura kwana biyu, kuma tsoro nake ji. Amma zakara ɗaya ya rage, gobe nasa ne.

Taki,
Sa'adiya

Wurno, Lahadi

Yayata ta kaina,

Ina fatan kowa lafiya. Zauna ki ji!

Yau ƙullin gyaɗar a ɗakina na kulle shi, na ɗaure makullin a bakin zane. Na yanka naman cinya ƙanana, na cuɗa shi da kurkum, citta, tafarnuwa da albasa, na bar shi ya jiƙu. Tsinken ma sai da na jiƙa shi a ruwa don kar ya ƙone. Miyar kuwa na dama da ruwan tsamiya da mazarƙwailarki da attarugu kaɗan, ina juyawa har mai ya taso sama. Gwaggo na tsaye tana kallonsa kamar ta yi kuka.

Ina fifita garwashi ƙamshi ya cika gida, sai na ji takun sanda. Baba ne, wanda rabonsa da tsakar gida sati biyu. Ya zauna kan tabarma, na ajiye masa tsinke uku. Ya tsoma, ya ci. Ni kuwa na zuba masa ido.

Da ya gama ukun ya suɗe yatsa, ya ɗaure fuska ya ce: "Wanga ba shi na ba. Ƙaro mani huɗu in ƙara dubawa."

Yaya, daga ƙarshe har tsinke tara ya duba, sannan ya nemi fura. Ki gaya wa Malam Shafi'u ya sallami motar da ya tanada don kai Baba Sakkwato, ya aiko mana da kaji.

Ki gaishe min da kowa.

Ƙanwarki mai murna,
Sa'adiya