Jami'ar Bilkisu: Wa Muke da Shi a Can?

Zuwa ga Yayana Injiniya, a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da tambayar iyali, ga maganarka na dawo maka da ita: "Ranar da yarinyar nan za ta zaɓi jami'a, ni ne ubanta."

A fadamar Ƙarfi ka faɗe ta. Injin ban ruwa ya mutu, maza huɗu sun kewaye shi suna zagin mai sayar da fetur, 'yata Bilkisu ta tsuguna ta kwance shi, ta busa, ta ɗaure, ya tashi. Wata biyu ke nan da rasuwar mahaifinta. Ba wanda ya roƙe ka. Kai ka ɗaga murya.

To, ranar ta zo. Kira tara, saƙo huɗu, shiru. Shi ya sa na rubuto maka buɗaɗɗiyar wasiƙa a nan, inda jama'a za su taya ka karantawa.

Makinta ya isa jami'a biyu. Ta kusa, na je da ƙafata na leƙa sashen injiniyansu: sabon fenti, kujeru, da injin da aka zana a allo. Ta garinku kuwa tana da ɗakin aiki inda ɗalibi ke shafar baƙin mai da hannunsa.

Baffanninta sun zauna a zaure. Ba wanda ya tambayi abin da ake koyarwa. Tambayarsu ɗaya ce, wadda ka sani tun muna yara: wa muke da shi a can? Ta kusa akwai Gwaggo Asabe, magana ta ƙare. Wato za a zaɓa wa injiniya makaranta saboda tuwon Gwaggo! Ta nesa kuwa kai muke da shi. Kalma biyu suke jira daga bakinka: "Tana hannuna."

Bilkisu kuwa sai kwance rediyo take tana mayarwa, lafiyarsa ƙalau.

Yaya, ban manta ba. Kai ka riƙa goya ni a keke zuwa makarantar Malumfashi, damina, kana tura shi cikin caɓi ina zaune a kai kamar sarauniya, don kada takalmina ya ɓaci. Wannan yayan nake nema. In wani nauyi ne ya danne ka, ka faɗa mini, cikinmu ɗaya. Ba ɗaki nake roƙo ba, akwai ɗakin kwanan ɗalibai. Sunanka kawai.

Ranar Juma'a za a rufe canjin makaranta. Ina jiranka zuwa azahar ɗin Alhamis. In ban ji ka ba, zan ɗauki shirunka amincewa, haka zan gaya wa baffanninta. Da la'asar muna shagon intanet a Funtuwa, ta zaɓi ta garinku. Wanda bai yarda ba, ka zo zauren da kanka ka yi masa bayani.

Allah Ya tsare ka, Ya buɗe maka baki kafin Alhamis, Ya jiƙan iyayenmu.

Ƙanwarka, ko da tana fushi,
Maman Bilkisu.