Abin da na sa Rahina ta rubuta

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ina gajiya? Yaya ƙafar Baba, yaya maigidan da yara? Mu nan Maamobi lafiya lau, sai dai abin da ke cina a rai.

Kin san 'yarki Rahina ba ta ji sosai tun ciwon yarinta. Da ta shiga kwalejin horar da malamai, an ba ta takarda, wai doka ta wajabta wa kwaleji taimakon duk ɗalibin da ke da lalura, a rubuta kawai. Ni na hana. Na ce ta sa "babu", ba a kai asirin gida ofis.

Shekara guda tana zaune a ƙarshen aji, ba ta jin malami, har ta faɗi jarrabawa. Ni kuwa na yi ta faɗa, wai wasa ta sa a gaba.

Ranar Talata wata malama daga ofishin kula da ɗalibai ta same mu a wurin da nake sayar da waakye, shinkafa da waken nan. Ta ce da sun sani, da tuni Rahina ta samu kujerar gaba da na'urar ji. Ta tambaye ta, "Me ya hana ki rubutawa?"

Rahina ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Mantawa na yi."

Yaya, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni na cuce ta, ita ta rufa min asiri.

Ki gaida Baba da kowa. Har yau na kasa ce mata ta yafe min. Ki roƙa min Allah ya buɗe bakina.

Ƙanwarki,
Safiya