Cikin Fari da Agogon Ƙirji

Haɗeja, 4 ga Maris

Yaya Hajo,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan ke da maigidan da yara kuna lafiya, ya mutanen Kafin Hausa?

Kada ki yi mamakin takarda alhali ga waya, bakina ne ba zai iya faɗa ba. Yaya, wata biyu ke nan ban ga al'adata ba! Kifin da maigidana Sunusi ke kawowa daga bakin kogi, ko warinsa ba na so. Murna kamar ta kashe ni, ina tankaɗen alkama ina dariya ni kaɗai. Bawul ɗin ƙarfen da aka sa mini a zuciya bara, mai ƙas-ƙas kamar agogo, shi ma ya ƙara sauri, har Sunusi na tsokanata wai agogonsa ya fara gudu.

Ban je awon jini ba wannan watan. Kin san mai ɗibar jinin Gwaggo Asabe ce, ƙanwar babansa. Da wane ido zan dubi suruka in ce mata ina da cikin fari? Na ji ana cewa ƙwaya na ɓata ciki, shi ya sa na ajiye maganin tsinka jinin tun shekaranjiya. Ki rufa mini asiri.

Ƙanwarki, Radiyya

Kano, 12 ga Maris

Yaya Hajo,

Bayan gaisuwa, ina fatan kin koma gida lafiya. Na yafe miki tonon asirin da kika yi, da jan hannuna har gaban Gwaggo. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ita kuwa ko dubana ba ta yi ba, ta ɗauko mayafinta ta tare mana mota zuwa Kano.

Likita ya yi mini faɗa sosai. Ya ce in babu maganin, jini na iya daskarewa ya toshe bawul ɗin ko ya shanye mini ɓarin jiki. Ƙwayar kuma a watannin farko tana iya taɓa halittar ɗa, musamman hanci da yatsu. Duk inda na juya akwai haɗari, ni kuma na zaɓi yin shiru. Na yi kuka, Yaya. Yanzu an mayar da ni kan allura, safe da yamma, a fatar ciki. Ba su iya ba ni tabbacin cewa ƙwayar da na riga na sha ba ta yi ɓarna ba. Amma na ji bugun zuciyarsa a na'ura, ya fi nawa sauri! Ki taya ni addu'a.

Taki, Radiyya

Kano, 9 ga Oktoba

Yaya Hajo,

Ina gaisuwa, ya ƙafar taki? Albishirinki, mace ce! Na zubar da jini da yawa har sai da aka ƙara mini, amma ga ni ina rubutu. Kafin in tambayi komai sai da na ƙirga yatsunta, na shafa hancinta. Likita ya duba ya ce lafiyarta ƙalau.

Gwaggo Asabe ta hana wanzami zuwa kusa da ni da askarsa saboda maganin tsinka jinin, ta kuma ce 'yar fari ce, in riƙa kawar da kai kamar yadda aka saba. To, yarinyar ta ƙi kowa. Ba ta yin shiru sai an kwantar da ita a ƙirjina ta ji agogon nan da ta saba da shi wata tara. Jiya Gwaggo da kanta ta ɗora mini ita a gaban dangin Sunusi, ni kuma na rungume abata ban sunkuyar da kai ba.

Ki zo suna, sunanki za ta ci.

Ƙanwarki, Radiyya