Baba Ya Sake Naɗe Hannu

Zuwa ga Yaya Habu a Kartum,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Yaya Falmata da yara. Ya aiki, ya baƙunta? Mu nan Yerwa sai godiya, in ban da jikin Baba.

Ranar Litinin da hantsi mahauta suka yi kiɗan kalangu. Baba na ji ya miƙe, ya ɗauko tsohuwar igiyar dambensa ya naɗe hannun dama, hannun da yanzu ko moɗa ba ya riƙewa saboda rawa. Kafin mu farga ya kai kasuwar Gamboru. Na tarar da shi a tsakiyar jama'a ya gyara tsayuwa, yana kiran Audu Bahago, abokin karawarsa, ya fito su ƙarasa. Ka san Audu ya rasu tun kafin aurenka.

Samari na ta dariya. Wani tsohon mahauci, wanda ya ga zamanin da Baba ke sarautar dambe ba wanda ya taɓa kai shi ƙasa, ya daka musu tsawa yana hawaye.

Na riƙo shi na ce, "Baba, mu tafi gida." Ya dube ni ya ce, "Malam, kai ɗan gidan wa ne?"

Yaya, ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Kai dai har yanzu yana ambaton sunanka. Don Allah ka biyo ayarin da zai fara tasowa, ka zo tun yana iya gane ka.

A sa mu a addu'a. Inna na gaishe ku duka.

Ƙaninka,
Garba