Daddawar da Na Ɓoye a Ardwick

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Tun ranar Talata na kasa zama wuri ɗaya. Littafin da nake karantawa ma na bar jarumar a bakin ƙofa tana jiran amsa, ni da kika sani ba na ajiye littafi sai na ga ƙarshensa.

Akwai wata tsohuwa 'yar Koriya a gidan da ke ƙasan namu, a benen da muke zaune a nan unguwar Ardwick. Jikokinta na ce mata Halmoni, wato kaka, ni ma haka nake kiranta. Ita ta gayyace ni council, wato majalisar gari, ranar da aka karrama mutanensu. Kansiloli suka yi ta miƙewa suna yabon abotar ƙasarsu da wannan ƙasa ta Turawa da gumin da 'yan Koriya suka zubar a garin nan. Aka amince da ƙudurin karramawar, aka yi tafi. Ni kam idona na kan fitilun rufi, ina raya cewa a irin wannan zaure ake biki a littattafaina.

Wani ƙamshi ne ya dawo da ni. A teburin kayan gadonsu an ajiye baƙin tulun Halmoni, cike da waken suyan da suke ruɓarwa don miya. Inna, daddawa ce sak. Ta taɓa gaya min farkon zuwanta ɓoye shi take yi saboda ƙorafin maƙwabta. Ranar kuwa manyan gari ne ke sunkuyawa suna shinshinawa.

Kunya ta kama ni. Daddawar da kika ƙulle min ranar tafiya ita ce ta ƙarshe da hannunki ya yi. Tun da wata mata ta toshe hanci kusa da mayafina a bas, na naɗe ta a leda uku na tura ƙasan akwati. Saura ƙwaya biyu.

Kuma ban iya yi ba. Kina dafa kalwa a tsakar gida, ina ɗaki kwance da littafi. Kikan ce, “Binta, takarda ba ta miya.” Yanzu cikina wata biyar, Inna. Me zan sa wa jikanki a tukunya?

Babu kalwa a nan, sai Halmoni ta ba ni waken suya. Na dafa ranar Talata, na rufe da bargo kusa da radiator, na'urar ɗumama ɗaki. Surukinki taga kawai yake buɗewa kafin ya tafi jami'a. Ni kuwa sai zirga-zirga, in ɗaga bargon, in mayar, in sake ɗagawa. Jiya na tuna kina buge min hannu kina cewa, “Daddawa ba ta son leƙe.” Na ɗaure bargon da ɗankwali.

Yau na kwance ledojin nan uku. Ƙwaya ɗaya na kaɗa miyar kuka da ita, na rufe tagar, na kai wa Halmoni kwano. Da hannu biyu ta karɓa, kamar yadda kika koya mana. Ɗayar tana kan faranti. Gobe zan buɗe tawa da ke cikin bargo in shinshina su tare. Ina tsoro, Inna. In ba ta yi ba, zan sake dafawa.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka makwancinki, ya sa hannuna ya gaji naki.

Taki mai kewa,
Binta