Ranar da Auta Ta Gyara Min Waya

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Anti da yara. Ya ciwon bayan nan naka? Ina fata shan maganin kake yi, ba ajiye shi kake yi a mota yana shan rana ba. Mu nan lafiya lau. 'Yata Aku tana gaishe ka, ta ce in tuna maka keken da ka yi mata alkawari.

Na san abin da aka faɗa maka shekaranjiya: wai na manta yarinya a makaranta har sai da shugabar makarantar ta neme ka. Ka ji daga bakinsu, to ga nawa. Da baki nake rubuta wannan wasiƙa, ina faɗa waya tana rubutawa, in na gama ta karanta min in gyara inda ta yi shirme. Na zaɓi rubutu ne saboda in aka kira ka ba ka barin mutum ya kai aya.

Ba ka taɓa tambayata yadda nake da waya ba tun da idona ya rufe, don haka bari in gaya maka. Muryoyi biyu ne a cikinta. Akwai mai karatu, wadda ke faɗa min duk abin da yatsana ya taɓa a kan gilashin. Akwai wanda nake ce wa ɗan aike, shi magana nake masa, kira min wane, ƙarfe nawa, tashe ni da safe. Da su nake aikina na karɓar oda a kamfanin ruwa, da su nake kiran tasi, da su nake karanta kwalbar magani.

Ran nan ina hutu, ƙanwarmu Auta ta zo da hantsi. Ta karɓi wayar za ta ga hotunan Aku. Ina kicin ina jin tsakinta, wai wayar ta cika surutu, kuma sai an taɓa abu sau biyu yake buɗewa. Da za ta tafi ta ce ta gyara min ita. Ni na ɗauka gilashin ta goge. Ashe mai karatun ta kashe, sannan ta kashe wayar ta kunna, wai don ta huta.

Waya in an kashe ta an kunna ba ta karɓar yatsa, lambar sirri take nema, ɗan aike kuma ba ya amsawa sai an buɗe ta. Lambar tana kaina, amma ina zan danna? Gilashi ne sumul kamar faranti. Ina cikin lalube na ji hayaniyar ɗalibai a titi, na san an tashi. Sai wayar ta hau ƙara a hannuna. Na san makaranta ce. Na shafa sama, na shafa gefe, ta yi ta yi ta katse, ta sake. Wallahi Yaya, ranar da likita ya gaya min gaskiya a kan idona ban yi kuka ba, amma ran nan na yi.

Maƙwabta duk suna wurin aiki. Na share fuska, na ɗauki sandata, na sauka bene, na bi bango har shagon mai gyaran waya da ke bakin titi. Shi ya buɗe ta ya mayar min da muryar. Daga nan na kira tasi. Na tarar da Aku a kan bencin mai gadi tana cin biskit, ta cika masa kunne da labari har yana roƙon in tafi da ita.

Na yi latti, ban musa ba. Amma ban manta 'yata ba, kuma ina so ka daina faɗin haka.

A gaida mutanen gida.

Ƙanwarka,
Barkono

Yayana,

Ina gaisuwa. Na ji ƙaramin yaronka ya yi zazzaɓi, Allah Ya ƙara sauƙi. Ka ce wa Anti ina yi mata sannu da jinya.

Saƙonka ya iso, mai karatu ta karanta min shi tsaf, har na sa ta maimaita don kar in zalunce ka. Ka ce ba ka ga laifina ba, amma in har rayuwar yarinya a kan waya ta rataya, to wannan kaɗai ya isa dalili. Ka ce kun zauna kai da Auta kun yanke cewa da an yi hutu za ta ɗauki Aku ta riƙe, ni kuma in riƙa zuwa ganinta. Ganinta, in ji ka.

Kun zauna. A ina? Da wa? Mahaifin yarinyar nan ya rasu, amma uwarta tana nan da ranta, tana da kujera a gidanta, ba wanda ya zo ya zauna a kai ya tambaye ta.

Kai da ba ka iya gane lambar motarka sai da tabarau. In wani ya cire maka shi a tsakiyar titi ya ce ya gyara maka fuska, ka yi latti, sai a kwashe 'ya'yanka a ba maƙwabci? Ni aka cire wa nawa, kuma wadda ta cire ita ce za a ba yarinyar. Abin dariya ne in ba a kanka ya faɗo ba.

Auta ta turo min saƙo, wai da kyakkyawar niyya ta yi. Na yarda. Ni na goye ta, na san ba muguwa ba ce, hannu ne da ita da ba ya ganin abu ya ƙyale. Kyakkyawar niyya ta ishe ni, Yaya. Da ita ake jan hannuna a tsallakar da ni titin da ban ce zan tsallaka ba. Da ita ake canja wa kofunana wuri.

Na ba matan ƙungiyarmu ta makafi labari, suka yi ta dariya har da masu tari. Kusan kowacce an taɓa gyara mata waya haka. Wata mijinta ne, wata surukinta. Suka nuna min dabara, na koma wurin mai gyara ya saita min: in na danne maɓallan ƙara sauti da ragewa tare, muryar za ta dawo ko wa ya kashe ta. Na kuma haddace lambar wani direba, na sayi ƙaramar waya mai maɓalli na ajiye a aljihun jaka. Abin da ya faru ba zai sake faruwa ba.

Ni nake yi wa Aku kitso, da yatsu nake raba layin, kuma malamarsu ta tambayi wa ke yi mata. Daga numfashinta nake gane mura na tafe kafin ta fara tari. Tsoro kuwa ina ji, ba zan ɓoye maka ba, kamar kowace uwa. Amma ba na ba da ita. Ba a hutun nan ba, ba a na gaba ba.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Barkono

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali. Ina tambayar lafiyarka duk da kai ka daina tambayar tawa.

Auta za ta ba ka labari da irin nata gishirin, don haka ga nawa. Jiya aka yi hutu. Ina ofis da na'urar kunne, wani yana min masifa a kan an kai masa ruwa a makare, sai wayata ta ce shugabar makaranta na kira. Na ba mutumin haƙuri na ɗauka. Ta ce ga wata ta zo da mota da akwati, ta ce ƙanwata ce, an aiko ta ɗaukar Aku.

Abin da ba ku sani ba shi ne, tun bayan saƙonka na je makarantar da ƙafata. Na zauna da shugabar, na gaya mata komai, na sa ta cire lambarka daga takardar yarinyar ta sa ta maƙwabciyata. Na ce ba mai fita da 'yata daga ƙofar nan sai ni ko wanda na aiko da bakina. Cire lambar taka ya yi min ciwo, amma na cire.

Na ce wa ɗan aike ya kira direba, na nemi izini wurin oga, na tafi. A ofishin shugabar na same su. Turaren Auta na fara ji, sai Aku ta rugo ta rungume min ƙafa tana tambaya wai da gaske ne yawo za a kai ta. Ko ita ba ku gaya mata gaskiya ba. Kun so in dawo gida in tarar da ɗaki wayam, sannan ku kira ku lallashe ni.

Ban ɗaga murya ba, ka san kuwa ina da ita. Na ce wa Auta ta kalli fuskata tunda ita tana gani, ta gaya wa yarinyar nan tsawon yawon. Sai ta hau jan hanci. Ta ce kai ka matsa mata, kuma ka rantse in na hana, ba ni ba kai. Na ce ta kai maka akwatin.

Na riƙe Aku da hagu, sanda a dama, muka fita. Yanzu haka tana ƙasa a gabana ta baje fensirorin kala, tana zana mota, ta ce in ta gama za ta faɗa min kalar kowace taya.

Gidana a buɗe yake gare ku. Ku zo ku ci, ku sha, ku yi wasa da ita, Auta ma ta zo, wayata ce dai kar ta taɓa. Maganar riƙo kuwa ta ƙare, kar wanda ya sake tayar da ita.

Kai ka kai ni asibiti ranar da aka ce ba magani, kai ka riƙe hannuna har mota, ban manta ba. Shi ya sa abin ya fi zafi. In ka cika rantsuwarka zan ji ciwo, kuma zan ci gaba da tashi da safe ina shirya 'yata. Wayar nan duk wanda ya kira sai ta faɗi sunansa da ƙarfi. Tun jiya ta faɗi na mutane da yawa, ba ta faɗi naka ba. Ba ni zan fara kira ba, Yaya, amma wayar tana kusa da ni.

Allah Ya tsare min kai.

Ƙanwarka, uwar Aku,
Barkono